TUKUNYAR SABO: TARIHIN GIRKIN GIDA A ZAMANMU NA BADUN

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani ɓangare na tarihinmu da aka bari a baya. Duk sa'ad da aka tashi ba da tarihin zamanmu a Badun, sai a kawo maganar sarauta, a kawo ta masallaci, a kawo cinikin shanu da na goro. Duk wannan daidai ne. Amma fa mu tuna, mutumin da ya koro shanu tun daga Arewa, in ya iso sai ya ci tuwo kafin ya shiga kara, kuma tuwon nan wata baiwar Allah ce ta tuƙa shi a cikin gida, ko sunanta ba a riƙe ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, saura mako uku a ɗaura mata aure a kai ta Zariya, ta shigo wurina sayen kuka da daddawa, domin sana'ata ke nan, sayar da busassun kayan miya a cikin gida. Da na gama auna mata sai ta tsaya tana murza bakin mayafi, can ta ce, "Hajiya, don Allah kukar nan tun farko ake zuba ta, ko kuwa sai ruwa ya tafasa?" Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Yarinyar nan ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, ta iya jalof da taliya da miyar agushi, amma ba ta taɓa kaɗa miyar kuka da hannunta ba, ga shi kuma za a kai ta gidan da kullum dare tuwo ake ci. Ban ga laifinta ba, domin ba wanda ya zaunar da ita ya nuna mata. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na ji daga bakin kakata da abin da na gani da idona.

Kafin a yanka Sabo

Hausawa sun daɗe suna shigowa ƙasar Yarbawa tun kafin zuwan Turawa. Fatake ne da jakuna, suna kawo kanwa da fatu da tufafi da dabbobi. A wancan zamani babbar hanyar goro ita ce ta Gwanja, watau kasuwar Salaga da ke cikin ƙasar Gana ta yau, kuma tafiya ce ta watanni. Abincin bafatake guzuri ne wanda ba ya lalacewa a hanya: dakakken gero, ƙuli-ƙuli, kilishi, yaji, daddawa, garin kuka. In ayari ya yada zango sai matan da ke cikinsa su kafa duwatsu uku su ɗora tukunya. Kun ga ke nan tun asali girkinmu a kan busassun kaya aka gina shi, kayan da za su jure tafiya da zafin rana. A riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta.

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, dogo ya kai Kano a 1911, aka buɗe hanya sosai a 1912. Tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki. A daidai wannan lokaci ne manoman Yarbawa suka shiga dashen goro irin na Gwanja a wajejen Agege da Ota da Ifo da Shagamu, har yau ma sunan da suke kiransa da shi ke nan, gbanja. Sai ciniki ya juyo nan, shanu su gangaro, goro ya hau. Mutanenmu na farko a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa, har zuwa 1916 da aka yanka musu wannan wuri kusa da Mokola aka ce nan ne Sabo. Daga ranar da mutum ya sami ɗakin kansa, sai ya aika gida a kawo masa iyali. Tarihin tukunyar Sabo daga nan ya fara.

Tuwo jarin maigida ne

Yaran yanzu ba su san yadda gidan saukar baƙi yake ba. Mai shanu in ya iso, wurin maigidansa yake sauka. Maigida zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan bashi, domin mahautan gari bashi suke ɗaukar shanu, su yanka su sayar sa'an nan su biya. Shi kuma mai shanu ba shi da halin ya riƙe dabbobinsa ya jira kasuwa ta yi kyau, saboda tsando na Kurmi yana sa musu sammore su rame a hannunsa. Dole ya sayar da wuri, sa'an nan ya zauna jiran kuɗi, wani lokaci mako biyu, wani lokaci fiye. Duk kwanakin nan a akushin maigida yake ci. To, in tuwon gidan ya cika gudaji, ko miya ta zama tsararo, baƙo ba zai ce komai ba, amma tafiya ta gaba a wani gida za a gan shi. Saboda haka hannun uwargida yana cikin jarin maigida, ko da yake ba a lissafa shi a wurin rabon la'ada.

Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a cikin Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A ƙidayar da ya yi mutanen unguwa sun ɗan haura 4,000. Daga cikin abin da ya lura da shi har da yadda matan aure da ke cikin kulle suke tara kuɗi ta hanyar dafa abincin sayarwa, yara suna fitar musu da shi talla, saboda yawan gwauraye da baƙi a unguwa. Gaskiya ya gani. Da kuɗin tuwo da waina da fura iyayenmu suka cika ɗakunan 'ya'yansu da kwanoni da tasoshi, wasu ma da shi suka sauke farali.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, a 1946 aka kawo ta amarya daga wani ƙauye a ƙasar Kano, tana 'yar shekara 14. Uwarta ta haɗo ta da tukunyar ƙasa da muciya da mara da maburgi da ƙullin daddawa. Tukunyar a wajen Jebba ta fashe cikin cunkoson jirgi, ta ce kukan da ta yi wa tukunyar nan ya fi wanda ta yi ranar rabuwa da gida. Ita ce ta uku a gidan kakanmu, gidan da in kasuwa ta cika akan fitar da akushi 20 zuwa 30 da dare. Kwana bibbiyu suke girki, amma saboda yawan aikin ba mai iya yinsa ita kaɗai, dole kishiya ta kama wa kishiya ko da ba sa ga maciji.

Abin da Kurmi ta hana da abin da ta bayar

Matsalar farko da matan Arewa suka tarar ita ce hatsi. Gero da dawa ba sa yi a nan kamar gida, sai an ɗoro su a jirgi, saboda haka suna da tsada. Masara kuwa ga ta nan a araha, sau biyu ake noma ta a shekara. Kakata ta ce a ƙauyensu masara abin gasawa ce da damina, ba a ɗauke ta abincin dare ba, a Sabo ta fara tuƙa tuwonta. Abin mamaki, daga baya masarar ta bi mu gida. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke kan hanyar Oyo, nan kusa da Sasa, wadda aka kafa a 1967, tana cikin waɗanda suka fitar da irin masara mai yawan yabanya, aka baza shi da takin zamani a wajejen Funtuwa da Gusau da Gwambe daga tsakiyar shekarun 1970. Yau ga shi masarar da muke tuƙawa a Badun yawancinta daga Arewa take zuwa.

Matsala ta biyu ita ce danshi. A gida in kin shanya gari da hantsi, kafin la'asar ya bushe ƙayau. A nan ruwa yakan fara tun watan Maris ko Afrilu, bai ɗauke ba sai Oktoba ko Nuwamba. Gari ya yi fumfuna, kuka ta dunƙule ta sake launi, daddawa ta yi tsutsa, gishiri ya narke a cikin ƙoƙo. Sai mata suka koyi rataye kayan miya a ragaya saman murhu inda hayaƙi da zafi za su riƙa bugunsu, suka koyi surfa hatsi kaɗan-kaɗan na kwana biyu ko uku, suka koyi toshe bakin gwangwani da tsumma. Har gobe in mace ta sayi kuka a wurina da damina, nakan ce mata kada ta saya da yawa, kuma kada ta sa cokali mai ruwa a ciki.

Man shanu ya yi wuya, sai manja ya shigo tukunya. Da farko tsofaffi ƙyamarsa suke yi, suna cewa yana da gafi, har suka gane soya shi da albasa kafin a zuba kayan miya. Daddawar Yarbawa da suke kira iru, daga kalwar ɗorawa ɗaya take da tamu, sai dai su ba sa kirɓa ta su busar kamar yadda muke yi, shi ya sa ƙamshin ya bambanta. Ganyen da suke kira ewedu ashe lalo ne, wanda muka sani tun a gida, amma a wurinsu muka ga ana kaɗa shi ɗanye da 'yar tsintsiya. Nono kuwa sai a wurin Fulanin wajejen Oyo da Iseyin.

Harshe ma shaida ne a kan wannan cuɗanya. Teba da alabo da agushi da alale duk sunayen Yarbanci ne da bakinmu ya lanƙwasa, kuma ta hannun mazauna Kurmi da masu zirga-zirga suka isa har Kano da Sakkwato. Su ma sun ɗauka a wurinmu. Albasa suke kira alubosa, masa ta zama mosa, tuwo kuwa da sunansa suke cin sa, da miyar wakensu ta gbegiri. Tsiren da mahautanmu ke gasawa a bakin titin Sabo, wanda duk garin Badun ke zuwa saye da dare, shi suke kira suya. Kakata a wurin wata Bayarabiya mai sayar mata da itace ta koyi alale da ganye, ita kuma ta koya wa matar dambun masara. Ba mai jin yaren wata sosai, da hannu da nuni aka yi karatun.

Yadda ake koya wa yarinya

A zamaninmu ba a cewa yau za a fara koyon girki. Tun kina 'yar shekara 5 kina tuwon ƙasa a gwangwanin madara, manya suna wucewa suna cewa a sammana. Da kin kai 7 sai wanke-wanke da tsintar shinkafa da gyaran alayyafo da aike. Wajen shekara 9 zuwa 10 a ba ki hura wuta da jajjage da surfe da bakace da tankaɗe. Sai kin kai kamar 12 za a bar miki tukunyar miya, tuwo kuwa shi ne na ƙarshe, domin yana son ƙarfin hannu, kuma in ya lalace gida duka ya kwana da yunwa. Ba ma'auni, ba agogo. Ido da hanci da harshe su ne ma'auni, sai kuma kunne, don Kaka daga ɗaki takan ji ƙarar tukunya ta ce ruwa ya yi yawa.

Saboda masu irin tambayar yarinyar nan, bari in faɗi yadda aka koya mana. In za ki yi tuwon masara ko na dawa, ki tankaɗe gari tukuna. Ki ɗora ruwa ya tafasa. Ki ɗebi gari kaɗan ki dama da ruwan sanyi, ki zuba cikin tafasasshen kina juyawa, wannan shi ne talge, wasu su ce ruɗe. In na dawa ne ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan. Ki rufe ki bar shi ya dahu sosai, don tuwon da talgensa bai nuna ba shi ne mai ɗanyen gari a baki, kuma ba ya kwana. Sa'an nan ki riƙa barbaɗa gari kina tuƙawa da muciya, kina danne shi a jikin tukunya don kada ya yi gudaji, har ya yi taurin da kike so. Ki yayyafa ruwa, ki rage wuta, ki rufe ya sulala. Ki sake tuƙawa, ki kwashe da mara ki malmala.

Miyar kuka kuwa, nama ko ƙashi ko busasshen kifi za ki fara ɗorawa da albasa da dakakkiyar daddawa da barkono da citta da masoro da gishiri. Ki bar su su yi ta tafasa har daddawa ta dahu warinta ya koma ƙamshi, domin yawancin miyar da ake ƙi, daddawar ce ba ta nuna ba. Sai can a ƙarshe za ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗaya hannun. Kada ki rufe tukunya bayan kin kaɗa, kada kuma ki bar ta ta daɗe a wuta. Man shanu soyayye a kan tuwo ake zuba shi lokacin ci.

Ba na cewa komai na da daidai ne. An doke mu da muciya a kan abin da magana ma ta isa. Hayaƙin ɗanyen itacen Kurmi ya lalata idon tsofaffi da yawa. Talla kuma ta hana 'yan mata da dama karatu, wasu ta jefa su cikin abin da ba a so, kuma malamanmu na Islamiyya sun yi gaskiya da suka yaƙe ta. Sai dai da aka ɗauke yarinya daga talla aka kai ta aji, ba a tanadi wani lokaci da za ta tsaya a gindin murhu ba.

Girkin sha'ani

A wurin sha'ani ake gane gidan da ya iya. Da azumi kunun tsamiya ko na gyaɗa da ƙosai ba sa yankewa, kuma kowane gida yana fitar da na masallaci. Daren Ƙaramar Sallah ba a barci: an jiƙa shinkafar tuwo tun jiya, an niƙa, an haɗa da 'yar dafaffiya, an bar ƙullu ya kwana ya tashi. Kafin zuwan yis tsamin kwana ne ke tayar da shi, sai a kashe tsamin da ruwan kanwa. Asuba na yi tanda ta hau wuta. Miyar waina ita ce taushe, da kabewa da alayyafo da yakuwa da gyaɗa da tantaƙwashi. Gidan masu hali su ƙara da funkaso ko sinasir. Kafin a sauko daga idi yara sun fara zagawa da kwanoni, kuma har gidajen maƙwabtanmu Yarbawa ake kaiwa, su ma ranar bikinsu su aiko.

Naman layya ma sai da Kurmi ta sake mana dabara. A ƙuruciyarmu, wajen 1976 zuwa 1978, Babbar Sallah a watan Nuwamba ko Disamba take faɗowa, ana iya yanyana nama a shanya a igiya. Daga 2023 zuwa 2025 kuwa a watan Yuni ta faɗo, tsakiyar ruwa, wanda duk ya shanya nama ya yi wa ƙuda aiki. Dole a tafasa shi da kayan ƙamshi, a soya cikin kitsensa har ruwan jikinsa ya ƙone sarai, ko a daka a yi dambu. Tsofaffi sukan ɓoye wutsiyar rago har ranar cika-ciki, 10 ga Muharram, a sa ta a miya, a ce kowa ya ci ya ƙoshi.

In haihuwa aka yi, akwai kunun kanwa da ƙauri na mai jego, ranar suna kuma tun asuba matan unguwa sun hallara, kowa da muciyarta. In aure ne, mako guda ana aikin gara: alkaki da nakiya da dubulan da cincin. Alkaki ba kowa ke taɓa shi ba, akwai tsofaffi biyu ko uku da aka sani a unguwa, su ake ɗaukowa. A irin wannan taro ne yarinya ke ganin girkin da ba a yi a gidansu, ta ji ana gardama a kan yawan kanwa, ta ji an kushe na wata an yaba na wata. Makarantar girki ta gaskiya ke nan, ba a biyan ko kwabo.

Shekarun da tukunya ta sake

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, jiragen ruwa suka cika Ikko da shinkafar waje da fulawa. Shinkafa da a da sai Juma'a ko Sallah, ta zama ta kullum. Injin niƙa ya kashe dutsen niƙa, risho ya shigo ɗaki, dunƙulen Maggi ya fara ture daddawa. A can gida kuma an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura, motocin tumatir da attaruhu da tattasai suka riƙa kwararowa Kudu. Jar miya ta zama sarauniya. Ni kaina a lokacin ina budurwa gani nake miyar kuka abincin tsofaffi ce.

Daɗin bai daɗe ba. A 1984 muka yi layin sayen madara da sukari da sabulu. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shinkafa, a 1986 aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, a 1987 aka hana shigo da alkama. A wannan shekara ta 1987 ce aka buɗe kasuwar Bodija, inda 'yan hatsinmu da yawa suka koma, muka saba da awo da kongo maimakon mudu. Matan da suka iya tuwo da dambu da fate da ɗanwake su ne suka riƙe gidajensu a shekarun nan. Da kananzir ya yi wuya a zamanin Janar Abacha, sai ga murhun garin katako wanda jama'a suka laƙaba wa sunansa, yara suna zuwa wurin masu yankan katako a Bodija suna ciko buhu. A tsakiyar shekarun 1990 kuma aka fara yin Indomie a Ota, yaro ya sami abin da zai dafa da kansa cikin minti biyar, ya daina jiran tuwo.

Na ce a riƙe maganar busassun kaya. A 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, tumatir ya gagari talaka. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa, aka yi asarar rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye gaba. Bayansa ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu na wajen mako guda. Sa'an nan aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane kwando, har a 2024 buhun shinkafa ya haura naira 80,000. A duk waɗannan lokuta na ga abu ɗaya daga inda nake zaune: matar da ta iya kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da kauɗar tumatir, tukunyarta ba ta sauka ba. Wadda ba ta san komai ba sai jar miya da shinkafa, ita ce ta sha wuya, ita da maigidanta.

Ina muka dosa?

Yau gidajen saukar baƙi sun ragu, mai shanu a waya yake ciniki, kuɗinsa ta banki suke isa. Gidan da ake fitar da akushi 30 ya zama ɗakuna na haya, kowa da ɗan gas ɗinsa a ƙofar ɗaki. In sha'ani ya tashi sai a ba masu kwangilar abinci, a kawo a leda da robobi, a raba a watse. Ban ce haramun ba ne, kuma su ma sana'a suke yi. Amma taron da yarinya ke koyo a cikinsa shi ne ya mutu. Yaranmu Yarbanci ya fi zama a bakinsu, wannan mun daɗe muna kuka da shi a tarurruka. In tuwon ma ya fita daga hannunsu, ranar da aka kai su gida aure ko ziyara baƙi za su zama a cikin danginsu, a riƙa ce musu 'yan Kurmi ana dariya, alhali kakanninsu ne suka ciyar da rabin fataken Arewa.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko ga iyaye mata: ko sau biyu a mako a tuƙa tuwo, kuma yarinya ce za ta riƙe muciya, ke kina gefe, in ya yi gudaji a ci haka nan, ba zagi ba duka. 'Yan maza ma a nuna musu, don wanda zai yi tafiyar kasuwa ko karatu bai kamata ya rasa iya dafa abin da zai ci ba. Ta biyu ga ɓangaren mata na ƙungiya da malaman Islamiyya: a ware yini ɗaya a wata, a ɗauko tsofaffin da suka rage masu iya alkaki da nakiya da funkaso, a ba su ɗan abin goro, su nuna wa 'yan mata. Ta uku ga masu wannan mujalla: a tura yara masu ilimi su zauna da tsofaffin nan, a rubuta abin da suka sani da Hausa, domin daga cikin waɗanda na sani masu alkaki a unguwarmu saura mutum ɗaya, ita ma ido ya yi rauni.

Yarinyar nan kuwa, na ce ta riƙa zuwa bayan la'asar. Tuwonta na farko sai da muka ba kaji, na biyu ya yi ruwa, na huɗu maigidana ya ci bai gane ba nawa ba ne. An kai ta Zariya da muciya da maburgi a cikin kayanta. Alkaki ne ba mu samu yi ba, don ni ma ban ƙware ba, na tsaya wasa lokacin da Kaka ke yi.

Inda na yi daidai Allah Ya ba mu lada baki ɗaya, inda na yi kuskure manya su gyara mini. Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka sha hayaƙi saboda mu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a cikin abincinmu. Amin.